Gyaran Tsohon Gida: Labarin Haikalin Urushalima da Farfajiyarsa

Kowane maigida ya san ranar nan. 'Ya'ya sun yi yawa, an yi wa babban ɗa aure, baƙi suna zuwa ba wurin saukarsu, bangon gabas kuwa damina ta ci gindinsa. Sai ya tsaya a tsakar gida yana dubawa, yana shawara da zuciyarsa: a rushe ne a yi sabo, ko a yi yaɓe kawai, ko kuwa a ture katanga a ƙara fili? Tsofaffi ba su so a taɓa ɗakin da kakansu ya gina. Samari kuwa suna cewa ai ya tsufa. Jama'ar masu bi ma ta san wannan, gama ɗakin sujada da ya ishi mutum ashirin ba shi isar ɗari biyu.

A lokacin murna irin wannan, da mu ke duban baya muna ƙidaya shekaru, ya yi kyau mu ji labarin wani tsohon gida wanda mu duka mun san sunansa, watau Haikalin Urushalima. An gyara shi, an ɗaukaka shi, an ninka farfajiyarsa, aikin kuwa ya ci fiye da shekara 80. Akwai abin koyi a ciki, akwai kuma abin tsoro. Ku lura dai, shekarun kamin haihuwar Almasihu za mu rubuta su da K.H., su kuwa raguwa su ke yi, ba ƙaruwa ba. Na bayan haihuwarsa za mu rubuta su da B.H.

GIDAN FARI DA GYARE-GYARENSA

Sarki Sulemanu ya gina Haikali na fari cikin shekara bakwai, wajen 960 K.H. Ɗakin kansa ba shi da girma ainun: tsawonsa kamu 60, faɗinsa kamu 20, tsayinsa kamu 30. Kamu kuwa daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, kusan rabin mita. Jama'a ba su shiga ɗakin, sai firistoci. Su mutane a farfajiya su ke tsayawa. Saboda haka tun daga farko farfajiyar ita ce rabon talakawa a gidan nan.

Ba ginin da ba ya bukatar gyara. A zamanin Sarki Yowash bangaye suka tsattsage. Ya danƙa wa firistoci aikin, amma har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a yi kome ba. Sai aka ɗauki akwati, aka huda murfinsa, aka ajiye shi kusa da bagade, kowa ya zo ya jefa abin da ya iya. In ya cika a ƙidaya, a ba shugabannin aiki, su biya magina da masassaƙa. Amincinsu ya kai har ba a bi su da lissafi ba. A zamanin Sarki Yosiya kuma, wajen 622 K.H., ana cikin wani gyara sai babban firist Hilkiya ya tsinci littafin Attaura a cikin gidan, bayan an daɗe da mantawa da shi. Mai gyaran tsohon gida ya kan iske abin da bai nema ba.

Cikin 586 K.H. rundunar Nebukadnesar, sarkin Babila, ta ƙone gidan, ta kwashe mutane zuwa bauta.

GIDAN DA TSOFAFFI SUKA YI WA KUKA

Sairus, sarkin Farisa, ya ci Babila cikin 539 K.H., ya ba Yahudawa izini su koma su sake gini. Zarubabel da babban firist Yeshuwa su ne shugabanni. Abin da suka fara ginawa shi ne bagade. Tun ba a aza harsashin ɗaki ba, ana miƙa hadaya safe da maraice a tsakiyar kango. Ku riƙe wannan a zuci, gama za mu sake gamuwa da shi.

Ran da aka aza harsashi, samari suka yi sowa don murna. Tsofaffin da suka ga gidan Sulemanu da idonsu kuwa suka fashe da kuka, har mai ji daga nesa bai iya rabe sowa da kuka ba. Daga baya maƙwabta suka ta da fitina, hannuwa suka yi sanyi, kowa ya koma gyaran gidan kansa. Aiki ya kwanta shekaru, sai cikin 520 K.H. annabi Haggai da annabi Zakariya suka farkar da jama'a. Aka gama a shekara ta shida ta Sarki Dariyus, wajen 515 K.H.

Gida ne na matalauta da suka komo daga bauta. Akwatin alkawari ba ya ciki, gama ya ɓace tun ƙonewar gidan fari. Duk da haka gidan nan ya tsaya kusan shekara 500, ya fi na Sulemanu daɗewa. Ya kuma sha wuya. Cikin 167 K.H. Sarki Antiyokus na Suriya ya ƙazantar da shi da hadayun gumaka. Bayan shekara uku, da Yahuza Makabi ya ƙwato shi, ya tarar ƙofofi sun ƙone, ciyawa da ƙananan itatuwa sun tsiro a farfajiya kamar jeji. Suka share, suka gyara. Da suka zo kan tsohon bagade sai suka tsaya: an ƙazantar da shi, ba shi yiwuwa a yi hadaya a kansa, amma kuwa duwatsun nan kakanninsu ne suka keɓe su. Suka rushe shi a hankali, suka adana duwatsun a wani wuri a kan tudun, suka gina sabo da duwatsun da ba a sassaƙa ba. Daga nan ne Idin Tsarkakewa ya samo asali, wanda a ke yi kwana takwas da hunturu. Cikin 63 K.H. kuma Fomfi, sarkin yaƙin Romawa, ya kutsa har Wuri Mafi Tsarki, ya iske ɗaki ne ba kome a ciki.

SARKIN DA BA A AMINCE DA SHI BA

Romawa suka naɗa Hirudus sarkin Yahudiya cikin 40 K.H., amma sai cikin 37 K.H. ya ci Urushalima da yaƙi. Ubansa mutumin Edom ne, uwarsa kuwa daga Larabawan Nabatiya ta fito, don haka Yahudawa da yawa ba su ɗauke shi nasu na sosai ba. Mutum ne mai zub da jini. Ya sa aka nutsar da ƙanen matarsa, saurayi babban firist, a wurin wanka a Yariko. Ya kashe matarsa Mariyamna, daga baya kuma 'ya'yansa uku. Amma kuwa a sha'anin gini ba a yi kamarsa ba a ƙasar. Shi ya gina tashar jiragen ruwa ta Kaisariya da kagarar Masada, ya kuma gina wa Kaisar Augustas ɗakunan tsafi a garuruwan al'ummai.

Wannan ne mutumin da ya tara jama'a a shekara ta 18 ta sarautarsa, wajen 20 K.H., ya gaya musu yana so ya sake gina Haikali, domin na Zarubabel bai kai na Sulemanu tsayi ba. Labarin ya iso gare mu ta hannun Yosifus, wani firist Bayahude mai rubuta tarihi, wanda ya ga gidan da idonsa. Ya ce jama'a ba su yi murna ba, tsoro ne ya kama su. Tsoronsu kuwa shi ne kada sarki ya rushe tsohon, sa'an nan kuɗi su ƙare, ko shi ya mutu, ko ya sake shawara, su wayi gari ba tsoho ba sabo.

Ba wauta suka yi ba. Wanene a cikinmu bai taɓa ganin gidan da aka kware wa rufi da rani ba, damina ta zo ta tarar ba a sami azara ba tukuna? Hirudus ya gane. Ya yi musu alkawari ba za a cire dutse ko ɗaya ba sai an tara kayan aiki duka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya shirya amalanke 1,000 na jan duwatsu, ya zaɓi gwanayen ma'aikata 10,000. Sai da kome ya kammala, sa'an nan aka fara rushewa.

FIRISTOCI SUN ZAMA MAGINA

Sauran wahala guda. Shari'a ta hana kowa shiga tsattsarkan ɗaki sai firist. To, wa zai gina shi? Sarki da kansa ba shi da ikon sa ƙafa a ciki. Sai aka zaɓi firistoci 1,000, aka koya wa waɗansu sassaƙar dutse, waɗansu kuwa sassaƙar itace, aka ɗinka musu rigunan firistoci. Hannuwan da suka saba da turare da hadaya suka ɗauki guduma da kurfi. Cikin shekara ɗaya da rabi suka gama ɗakin.

Suka ɗaga shi har kamu 100, gabansa kuma faɗin kamu 100, da farin dutse, aka dalaye fuskarsa da zinariya. A kan rufin aka kakkafa tsinkayen zinariya don kada tsuntsaye su sauka su ɓata shi. Amma awon ciki ba su taɓa shi ba. Wuri Mai Tsarki ya zauna kamu 40 da 20, Wuri Mafi Tsarki kamu 20 da 20, kamar yadda su ke tun zamanin Sulemanu. Abin da ya fi wannan kuma, duk lokacin da a ke rushewa da ginawa, ba a fasa hadayar safe da ta maraice ba. Ƙura na tashi, shanu na jan amalanke, hayaƙin bagade kuwa yana hawa. Domin wannan ne har wa yau masana tarihi ba su kiran gidan Hirudus Haikali na uku. Na biyun ne dai, gama hidimar ba ta yanke ba.

Ran da aka buɗe shi, aka yi babban biki, sarki ya yanka bijimai 300. Mutane kuma suka riƙa ba 'ya'yansu labari cewa duk lokacin ginin nan da dare kaɗai a ke ruwan sama, don kada aiki ya tsaya.

YADDA AKA FAƊAƊA FARFAJIYA

Ɗakin ne ya fi tsarki, amma farfajiyar ce ta fi cin aiki. A idin Ƙetarewa da sauran manyan idodi masu ziyara su kan zo daga Masar, da Babila, da Asiya, da Roma, tsohon fili kuwa ba ya ɗaukarsu. Ga shi Haikali a kan tudu ya ke, da kwari gabas da yamma. Mai gida a fili, in yana son ƙari, sai ya ture katanga ya matsa gaba. Wanda ke kan tudu fa, ina zai matsa?

Ga dabarar da maginan suka yi. Suka sauka gangaren tudun, suka haƙa har suka kai fā, suka ta da manyan bangaye tun daga can ƙasa, kamar wanda ya kifa akwati a kan tudu. Sa'an nan suka cike tsakanin bango da tudu da ƙasa da duwatsu har ya zama fili ɗaya shimfiɗaɗɗe. A arewa, inda dutse ya yi tsayi, suka sare shi, a kan kusurwar kuwa akwai kagarar da Hirudus ya sa wa suna Antoniya. A yamma suka ci wani sashi na kwarin da ya ratsa birni. A kusurwar kudu maso gabas, inda gangaren ya fi zurfi, suka gina ɗakuna masu bakan gizo a ƙarƙashi, suka shimfiɗa farfajiya a kansu, don kada nauyin cikon ƙasa ya tura bangon waje. Gabas kaɗai suka bari a kan tsohon layinsa, saboda kwarin Kidron. Shirayin da ke wannan gefe, wanda a ke kira Shirayin Sulemanu, shi ne inda masu bi na fari su kan taru.

Da aka gama, filin ya ninka na dā. Bangon yamma mita 488 ne, na gabas wajen 470, na arewa wajen 315, na kudu wajen 280. Duka ya kai hekta 14. Ba a sa laka ko kwaɓi tsakanin duwatsun ba, nauyinsu da daidaicin sassaƙarsu ne ke riƙe su. Kowane jeri an ɗan ja shi ciki kaɗan bisa na ƙarƙashinsa, domin bangon ya jingina ga tudun. Kowane dutse kuma an yi masa ɗan gefe mai laushi kewaye, da wannan alama a ke gane aikin Hirudus har yau. Akwai dutse guda a bangon yamma mai tsawon fiye da mita 13, tsayinsa wajen mita 3, nauyinsa tan ɗaruruwa.

A gefen kudu aka gina Shirayin Sarki, da ginshiƙai 162 a jeri huɗu. Kaurin kowane ginshiƙi sai mutum uku sun miƙa hannuwa sun haɗa kamin su kewaye shi. Ba a manta da ruwa ba, gama gidan da a ke yanka dabbobi kullum yana bukatarsa ƙwarai. A ƙarƙashin farfajiyar akwai manyan rijiyoyin tara ruwa da aka sassaƙa cikin dutse, akwai kuma magudana mai kawo ruwa daga tafkunan da ke kudu da Baitalami.

Yosifus ya ce shirayi da farfajiyoyin waje sun ci shekara takwas. Amma aiki bai ƙare nan ba. Hirudus ya mutu cikin 4 K.H. Kada wannan lissafi ya dame ku, ko da ya ke mun sani a zamaninsa aka haifi Yesu: wanda ya tsara ƙidayar shekarun nan, ɗaruruwan shekaru daga baya, shi ne ya yi kuskuren 'yan shekaru. Cikin 2011 masu haƙa don binciken kayan dā suka sami kuɗin tagulla a ƙarƙashin harsashin bangon yamma, waɗanda aka buga wajen 17 B.H. Ashe shekara 20 bayan mutuwar Hirudus ana kan aza wannan sashi na bangon. Wannan ya yi daidai da abin da mu ke karantawa cikin Bisharar Yohanna, inda Yahudawa suka ƙidaya wa ginin shekara 46. In muka lissafta daga 20 K.H., sai mu iso wajen 27 B.H. Sa'ad da Yesu ya ke koyarwa a farfajiyar nan, ƙarar guduma ba ta daina ba tukuna.

GAJERIYAR KATANGA

To, wa aka faɗaɗa wa wannan fili? Babban sashinsa, wanda mu ke kira farfajiyar al'ummai, kowa yana iya shiga, Bayahude da baƙo. Daga nan sai a hau matakai zuwa farfajiyar mata, inda akwatunan baiko su ke, inda gwauruwar nan ta jefa aninai biyu. Gaba da ita sai ta mazajen Isra'ila, sa'an nan ta firistoci, inda bagade ya ke.

Tsakanin farfajiyar al'ummai da sauran akwai wata gajeriyar katangar dutse, tsayinta kamu uku kaɗai. A jikinta an kakkafa alluna da Helenanci da Latinanci, masu gargaɗi cewa baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa yana wuyansa. Cikin 1871 wani Bafaranse mai suna Kilermon-Gano ya sami ɗaya daga allunan nan lafiya lau a Urushalima, yana gidan adana kayan tarihi na Istambul. Saboda katangar nan ne aka kusa kashe Bulus, da aka zarge shi a kan ya shigo da Tarofimas mutumin Afisa. Sojan da suka cece shi daga kagarar Antoniya suka gangaro a guje.

Mu da ke karanta wannan, al'ummai ne mu. Da mun je Urushalima a kwanakin nan, da mun bi ta ƙofa mai girma, mun taka daɓen dutse mai faɗi, mun sha inuwar ginshiƙai, sa'an nan mun tsaya cik a gaban katangar da ba ta wuce ƙirjinmu ba. Filin da aka bar mana ɗin ma, 'yan canji da masu sayar da tattabaru da tumaki sun cika shi, har ya zama kasuwa. Su ne Yesu ya kora. Bulus kuma, da ya rubuta wa Afisawa, waɗanda ɗan garinsu ne aka yi rigimar nan a kansa, ya yi musu zancen katanga mai raba mutane biyu, wadda Almasihu ya kawar.

Akwai wani abu kuma da ya nuna zuciyar mai ginin. A kan babbar ƙofa Hirudus ya kafa gaggafar zinariya, alamar da Romawa ke ɗauka a yaƙi. Da aka ji yana ciwon ajali, waɗansu malamai biyu suka zuga almajiransu, suka hau da tsakar rana suka sassare ta da gatura. Sarki ya sa aka ƙone malaman da ransu, da waɗanda suka hau. Ya gina wa Allah gida, amma a bakin ƙofa ya sa alamar wanda ya ke tsoro.

ƘAREWAR AIKI DA ƘAREWAR GIDA

Sai a zamanin gwamna Albinus, tsakanin 62 da 64 B.H., aka ce aiki ya ƙare. Nan da nan ma'aikata fiye da 18,000 suka rasa abin yi. Mutanen birni suka roƙi Sarki Agaribas na biyu, wanda Bulus ya yi jawabi a gabansa, ya bari a rushe tsohon shirayin gabas a sake shi, don mutanen nan su sami abinci. Ya ƙi, yana ganin rushewa da sauƙi ta ke, ginawa ce da wuya. Ya yarda dai a sa su shimfiɗa wa titunan birni farin dutse. An kuma kawo manyan gumagumai daga Lubnan da kuɗi mai yawa, don a ƙara wa ɗakin tsayi. Ba a kai ga amfani da su ba. Yaƙi ya tashi da Romawa cikin 66 B.H., ɗaya daga shugabannin tawaye ya ɗebe su ya yi hasumiyoyin yaƙi da su.

Cikin 70 B.H. Titus ya kewaye birnin. Da tsakiyar bazarar ƙasar hadayar kullum ta yanke. Bayan mako uku aka sa wa Haikali wuta. Gidan da aka yi fiye da shekara 80 ana gyarawa, shekara shida ko bakwai kaɗai ya yi a kammale. Alkukin zinariya mai fitila bakwai aka kai shi Roma, ana ganin siffarsa har yau a sassaƙe jikin ƙofar nasara ta Titus.

Ɗakin ba abin da ya ragu daga gare shi. Bangayen da ke riƙe da farfajiya su ne suka tsira. Cikin 1838 wani Ba'amurke, Robinsan, ya gane gindin wani babban gini mai baka yana fitowa daga bangon yamma. Daga 1867 zuwa 1870 wani sojan Ingila, Waran, ya haƙa ramuka a gefen bangon, ya iske a kusurwar kudu maso gabas harsashin ya nutse fiye da mita 20 ƙarƙashin ƙasa. Daga 1968 Mazar da mutanensa suka tone gindin kusurwar kudu maso yamma. A wannan wuri aka tarar da tulin duwatsun da sojan Roma suka turo daga sama, sun farfasa daɓen titi. Cikinsu akwai guda mai rubutun Ibrananci, wanda ya nuna inda firist ya kan tsaya ya busa ƙaho don shigowar Asabar. A bangon gabas kuma, mita 32 daga kusurwar kudu, akwai wani layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa. Arewa da shi tsohon gini ne, kudu da shi ƙarin Hirudus. Mai ido yana iya sa yatsa daidai inda sabo ya jingina ga tsoho.

Farfajiyar tana nan. A kanta ne Halifa Abdulmalik ya gina Ƙubbar Dutse, wadda aka gama wajen 691 B.H., a gefenta na kudu kuma Masallacin Ƙudus ya ke. Yahudawa suna addu'a a gindin bangonta na yamma.

ABIN DA ZA MU RIƘE

'Yan'uwa, ko gidan zama ne za mu gyara, ko ɗakin sujada, ko makaranta, labarin nan ya bar mana tambayoyi.

Mun tara tubali da azara da kuɗin magina kamin mu sa gatari a tsohon bango? Ko mugun sarki ya san ba a samun amincewar jama'a sai sun ga kaya a ƙasa.

Mun saurari tsofaffi masu kuka? Ba ƙin ci gaba su ke yi ba. Sun san wanda ya ɗebo ƙasar bangon nan da kansa, sun san wanda aka yi wa addu'a ta ƙarshe a cikin ɗakin. Mutanen Yahuza Makabi sun rushe bagade, amma ba su zubar da duwatsunsa a juji ba.

Abin da aka gina gidan dominsa, zai ci gaba muna cikin aiki? Maigidan da ya ke faɗaɗa tsakar gida ba ya hana a ɗora tukunya, jama'ar da ta ke gini kuma kada ta ce addu'a da karatu sai an gama rufi. Waɗanda suka komo daga Babila bagade suka fara ginawa, firistocin zamanin Hirudus kuma ba su bar wutarsa ta mutu ba.

Ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. In mun ture katanga mun ƙara fili, wa zai shiga? Baƙon da ya zo daga wata kabila, da matalauci, da kuturun da ya warke, da wanda danginsa suka kore shi, za su sami tabarma a ciki, ko kuwa za su tarar da wata gajeriyar katanga wadda ba a gina ta da dutse ba? Hirudus ya ninka farfajiya, ya bar katangar nan a tsaye. Bari mu roƙi Allah ya ba mu hikima, domin ran da 'ya'yanmu za su zo su duba inda ƙarinmu ya jingina ga ginin iyayenmu, su iske ƙofar a buɗe, wutar kuwa tana ci.